Likkafanin da Ya Bari a Tandabawi

Wa ya yi wa maigidana wanka? Na tambayi duk wanda ya kamata in tambaya, har yau ban samu amsa ba. 'Yata ce take rubuta wannan, ni ban iya ba. Na ce mata kada ta gyara min magana, ko da ta yi ɗaci.

Aikinsa shimfiɗa dutsen marmara ne a gidajen mutane, a nan Makka, daga unguwar Zahir har ta Shisha. Amininsa, wanda suke cin abinci a kwano ɗaya, shi ya fara zuwa Italiya ya dawo da labari. A falonmu na unguwar Tandabawi yake zama, ina zuba musu shayi, yana ta zuba. Wai akwai wani tsohon gari a kudancin ƙasar, a bakin teku, komai nasa farin dutse ne. Ganuwarsa ta girmi kakannin kakanninmu, ga hasumiya inda masu gadi suke hango jiragen yaƙi. An ƙone garin, an sake gina shi, an sake ƙonewa.

Maigida ya ce, "Garin da ba a kiran salla, me zan je yi?"

Aminin ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba ka san tarihi ba, Alhaji. Ai Larabawa sun taɓa mulkar yankin. Ƙasar ta san goshin Musulmi. Dutse kawai za ka yanka, ka dawo."

Da wannan tarihin ya janye min miji. Dutsen kuwa shi ya faɗo masa a wurin aiki, ya zama ajalinsa.

Aminin ya bugo waya yana kuka, ya rantse min shi ya wanke shi da hannunsa, ya sallace shi. Na yarda. Na yi takaba ina sa masa albarka. Sai da wani mutumin Nijar da suka yi aiki tare ya zo Umra, ya nemo gidana don ta'aziyya, sannan na ji gaskiya. Tun kafin motar asibiti ta iso aminin ya gudu, saboda ba shi da takardu. Hukumar garin ce ta binne gawar a bayan tsohuwar ganuwar nan. Ko an fuskantar da shi alƙibla, ba wanda ya sani.

Mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su mutu a Makka. Nawa mijin a Makka aka haife shi.

Yanzu aminin ya dawo, ciwo ya cinye shi, a keke ake tura shi. Matarsa ta zo min da dabino, ta durƙusa ta ce, "Yaya, ki yafe masa, kwanansa ya ƙare." Sai ta ƙara da cewa mijinta ya tuna akwai likkafanin marigayi a wurina, wanda aka jiƙa da Zamzam, ko zan ba shi, tunda a ajiye yake.

Na mayar mata da dabinonta. Na ce ta gaya masa ya je garin farin dutsen ya nema, tunda ƙasar ta san Musulmi.

'Yata ta ce in ji tsoron Allah. Ina jin tsoronSa, shi ya sa a gabanSa na kai ƙara. Duk lokacin da aka kira sallar gawa a Harami nakan tashi in bi, in roƙa wa mamatan da ban sani ba gafara, sannan in roƙi kada a taɓa shigo da gawar mutumin nan ta ƙofar Haramin nan. Ina roƙon ya mutu a hanya, a hannun waɗanda ba su san sunansa ba. Ina kuka nake roƙo, amma ban taɓa janyewa ba.

Likkafanin yana ƙasan akwatina, a naɗe yadda maigida ya naɗe shi. Ranar da zai tafi na cusa masa shi a jaka. Ya ciro ya miƙo min yana murmushi, ya ce, "Ajiye min shi, Hajiya. Ni a Harami za a sallace ni."