Man Kaka a Ƙafar Bayan Babur

Har yau idan maƙwabciyarmu ta ɗora tuyar ƙuli-ƙuli, ƙamshin man ya tsallako katanga, gwiwata ta hagu ce take fara amsawa. Sai in tsinci kaina kwance a kan tabarma a zauren gidanmu, can ƙauyenmu da ke tsakanin Safana da Batsari, a zamanin da Turawa ke mulki.

Damina ce ta yi nisa, gero ya kai ƙugu. Kurkunu ya fito mini a gwiwa, kamar yadda yake fito wa duk mai shan ruwan tafki. Kullum Inna takan naɗe shi kaɗan-kaɗan a jikin tsinke. Wata safiya ya tsinke a ciki. Kafin mu ankara gwiwa ta kumbura, tana sheƙi, zazzaɓi ya rufe ni. An shafa abin da aka sani, bai yi ba. Kowa ya ce sai asibitin Katsina. Mota kuwa ba ta shigo mana da damina, jaki kuma ba zan iya zamansa ba.

Abin da ya rage shi ne babur ɗin Baffa, ƙanen mahaifina, malamin gona na En'e. Hannun wani Bature da zai koma gida ya saye shi. Ba irin na yanzu ba ne, ba shi da sarƙa. Wata sandar ƙarfe ce ta fito daga bayan inji, ta bi ta cikin bututu, ta shiga wata ƙwaryar ƙarfe da ke jikin ƙafar baya. A cikin ƙwaryar akwai haƙoran giya, da ɗan mansu na musamman, su ke juya ƙafar.

Babur ɗin ya daɗe yana shan man inji fiye da ƙima, alhali ba hayaƙi, ba ɗigo a ƙasa. Da man ya ƙare, kuma babu inda ake sayarwa sai birni, Baffa ya koma ciko da man gyaɗar Kaka, mahaifiyarsu. Ita ma tana alfahari da hakan, tana gaya wa mata cewa ƙarfen Bature ma ya san manta.

Ranar da za a tafi da ni, Baffa ya fita gwaji ya dawo yana tura babur, wandonsa duk taɓo. Birkin baya ya ƙi kamawa a gangaren rafi.

"Yaya, ba zan ɗauki yaron nan a haka ba," ya ce wa mahaifina. "Gara ya kwana da ciwo da in zuba shi a kwazazzabo."

Ya shigo da babur zaure saboda ruwa, ya jingine shi dab da tabarmata. Ƙafar baya jage-jage da mai. Ya kwance noti a gindin ƙwaryar, ya tara tasa. Mai ya yi ta zuba, ya wuce abin da ya taɓa sawa nesa ba kusa ba. Maƙwabta suka taru. Wani dattijo ya ce albarka ce, mai yana ƙaruwa da kansa. Wani ya ce a dai bincika, ba a rasa mai hannu a ciki.

Kaka ta shigo kawo mini kunu. Ta tsaya, ta ja hanci, ta duƙa ta dangwali tasar ta shinshina.

"Kai, wannan ai nawa ne. Ba a cikinsa na ga kana zubawa ba? Me ya kawo shi gindi?"

Baffa ya karɓi tasar ya shinshina. Sai na ga ya ɗora yatsa a kan inji, ya bi bututun nan a hankali har zuwa ƙafar baya. Ashe man da yake cewa inji na sha, ba sha yake ba. Gangarowa yake ta jikin sandar, ya cika ƙwaryar giya, ya tumbatsa ya jiƙa birki.

Ya cire ƙafar, ya zare sandar. A bakin inda take fitowa akwai wani zobe na fata da ke tare mai. Ya taɓa shi, ya marmashe a hannunsa. Ko tsufa ne ya cinye shi, ko man gyaɗar, babu wanda ya sani. Kaka dai ta ɗauki ƙwaryar kununta ta fita, ba ta sake zancen manta ba.

Irin wannan zobe sai Kano. Dole aka jira ranar kasuwar Batsari, mahaifina ya taka a ƙasa ya zo da baduku. Badukun ya yanko zobe daga fatar bijimi, ya jiƙa da kitse. Aka ɗaura, aka tayar, mai ya biyo sanda. Ya sake yankowa, wannan ya yi kauri, sandar ta ƙi shiga. Takalman birki kuma an wanke da kananzir, ga hadari kullum, sai a bakin murhu Inna ta shanya su.

Ni kuwa ina kwance, gwiwa na bugawa kamar ana daka a ciki. Ba abin da zan iya sai kallo. Wata rana da zafi ya kai mini iyaka na ce, "Baffa, ka fi son ƙarfen nan da ni." Allah Ya yafe mini. Bai ɗago ba.

"Yi haƙuri, ɗana," ya ce. "Saura kaɗan."

A ƙarshe badukun ya kankare wani zoben da aska har ya zauna daidai. Baffa ya zuba wa giyar ɗan man da ya rage nata, ya tayar, ya bar inji ya yi zafi, ya goga farin ƙyalle a bakin bututu. Ƙyalle ya fito a bushe. Inna ta ɗaure ni a bayansa da zaninta, kamar jariri. A kowane rafi sai ya tsaya ya shafa ƙafar baya ya duba yatsunsa.

Zoben ya kai mu Katsina. Aka tsaga gwiwa, aka yi mini allurai, ƙafa ta tsira. Amma ba ta sake lanƙwasuwa ba. Malamin asibiti ya ce da an zo da wuri, da wani zancen ake yi. Baffa ya sunkuyar da kai.

Yanzu babura sun cika Batsari, har ba ka iya tsallaka titi ranar kasuwa. Kwanan baya jikana ya kai nasa wurin makaniki, aka canja masa irin wannan zobe, da yanzu ake kira sil, kafin in gama shan shayi. Kurkunu ma yaran yanzu sai a labari. Baffa da Kaka sun daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansu. Ban taɓa janye maganar nan da na gaya wa Baffa a gabansa ba, kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace. Yau a zaune nake salla, ƙafa a miƙe, kuma duk sanda na idar, shi nake fara roƙa wa gafara kafin kaina.