Ludayin Hajiya da Kifina

Jiya da la'asar na dawo gida Ƙofar Kaura, na tarar da mahaifiyata, Hajiya, zaune gaban akwatin gilashin kifina da ludayi a hannu. Tana ɗibar ruwan tana tsiyaya shi a ciki daga sama, ta jiƙe sharkaf da gumi.

Ɗan kifin teku ne mai launin shuɗi da ruwan lemo, bai kai tsawon yatsa ba. Shekara huɗu ina haɗa masa ruwan gishiri, ina ba shi abinci ɗan kaɗan safe da yamma. Ashe tun azahar aka ɗauke wuta, injin da ke ba shi iska ya tsaya, ya taso sama yana haki.

Na ce, "Hajiya, ba ke kika ce kiwon kifin da ba a ci wahalar banza ce ba?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Har gobe haka nike cewa. Amma kai ka rabo shi da teku ka kulle. Gobe kiyama kai za a tambaya, ni ko ɗana nike taimako."

Ni ado na ɗauke shi, ita amana. Ku da ke kiwo, kuna tuna wannan tambayar kuwa?