Inji-Wa da Shafin da Babu Shi

Shekara ashirin da shida ta yi a bayan kantar ɗakin karatu na kwaleji, tana buga hatimi a littattafan aro, ga wata tsohuwar fanka a gefenta da ta fi iya ƙara a kan ba da iska. Kowa Inji-Wa yake ce mata, don ba ka isa ka kawo mata labari ba ta tambayi wanda ya faɗa ba. Ranar da mijinta ya ce ta fi duk matan unguwa kyau, cewa ta yi, "Inji wa? Ka zaga ka duba su ne?" Bawan Allah bai ƙara ba.

Sai aka kawo sabon shugaba, matashi mai digiri uku da takalmi mai ƙwas-ƙwas. Bincike yake yi a kan yadda mutane ke bambance sahihin bayani da na bogi, kuma da ma'aikatansa zai fara. Wanda ya faɗi jarrabawarsa, sai ɗakin ajiya na ƙasa, wurin tsofaffin jaridu da ɓeraye. Gwiwoyin Inji-Wa kuwa sun daɗe da ɓatawa da matakala.

Tambaya ashirin ce, kowacce a zaɓi gaskiya ko ƙarya. A ta farko, wata magana da aka ce daga littafi aka ciro ta, ta tsaya, ta rubuta "Inji wa?" a ƙarƙashi, ta miƙa takarda. Shugaba ya kira ta ofis.

"Haba Mama, wannan ce ma mai sauƙin. Ga sunan littafi, ga shafi, ɗari biyu da sha biyu. Maganar da ke da madogara ita ce ilimi."

"Ranka ya daɗe, ka karanta shi?"

"Manyan masana huɗu sun ambace shi."

"Su huɗun suka karanta, ko na farko ne ya yi tuntuɓe sauran suka faɗa kansa?"

Ta ja ƙafa zuwa kantar littattafai ta bakwai, ta dawo da littafin. Ta san shi sarai, sau biyu tana liƙe masa baya da gam. Shugaba ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa. A shafi na ɗari da tamanin littafin ya ƙare.

"Wataƙila wani bugun ne," ya ce, yana gyara wuyan riga.

"Bugu ɗaya tak aka yi masa."

Ya ɗago kai. "Inji wa?"

Inji-Wa ta yi dariya har da riƙe tebur. "Yauwa ɗana, yau ka ci jarrabawa! Inji ni, kuma ban duba ba. Tashi mu duba."

Suka duba kundin mawallafa. Bugu ɗaya ne.

Shugaba ya janye jarrabawar, wai tana bukatar gyara. Inji-Wa ta koma kantarta da fankarta. Yanzu duk takardar da zai fitar sai ya biyo da ita ta wurinta, yana kallon silin, wai wucewa ce kawai yake yi.