Kile Shida na Sallau Makanise

Shekara tara ina ɗinki a rumfar da ke jikin ta Sallau a kasuwar Dungas, kuma taubashina ne, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na ji ba. Shi ma ya sha baza nawa a gari.

Sallau ɗan manoma ne, amma tun yana saurayi ba sa shiri da hauya. Ya tafi cin rani Kano da niyyar wata huɗu, ya share shekara goma sha ɗaya. A can ya faɗa garejin wani tsoho mai gyaran baburan Ingila, baƙaƙen nan masu nauyi waɗanda duk inda suka tsaya sai sun bar tabon mai a ƙasa. Ya dawo gida shekara biyu kafin babban fari, da matarsa Hinda, da Ingilishin da bai kai cikin cokali ba, da wani burgami da ba ya rabuwa da shi ko masallacin Juma'a za shi.

Abin da ke cikin burgamin kile ne guda shida, wato abin da Kanawa ke kira sufana. Nasa irin mai ƙoƙo ne, wanda ake kifawa a kan noti ya haɗiye shi, sannan a sa mariƙi a juya.

A lokacin ƴan gyaɗa da dillalan shanu suna shigo da tsofaffin baburan Ingila ta Maigatari. Kilen da ake samu a kantunan Magaria kuwa duk na Faransa ne, masu lambar milimita. Ka ɗauki sha uku, ta ƙi shiga. Ka ɗauki sha huɗu, ta shiga tana rawa, ka ja da ƙarfi ta zame, ta cinye kusurwar notin, ta ɗauke maka fatar yatsa. Wasu sukan sa guduma su daki sha uku har ta tsage, wasu su yanki gwangwanin kifi su cusa wa sha huɗu. A ƙarshe dai duka sai a turo babur wurin Sallau.

Shi kuwa tun ranar da ya iso ya sa zarto ya goge duk rubutun da ke jikin kilensa. In an kawo aiki, sai ya zagaya babur sau biyu, ya durƙusa, ya kai baki kusa da injin ya yi masa raɗa da Ingilishinsa, sannan ya tura hannu cikin burgami ya lalubo kile ba tare da ya duba ba. Ya kifa, ya juya, noti ya biyo kamar an shafa masa man shanu.

"Notin Ingila ba ya jin Faransanci," in ji shi. "Sai an lallashe shi da harshen uwarsa."

Mutane da yawa sun yarda laƙani ne. Har wani dillali ya taɓa kawo masa zakara don ya sam masa.

Damanar 1975 ta wuce aka kawo mana sabon malamin lakkol, wato makarantar boko, Mushe Harisu (haka muke kiran malaman boko, Mushe), mutumin Damagaram, dogo, mai tabarau da son gyara wa mutane magana. Bai yi wata uku ba ya sayo babur ɗin Ingila, ya kuma sayo akwatin kile sabo fil a Magaria, an jera su tun daga shida har ashirin da huɗu. Da aka ba shi labarin Sallau sai ya yi dariya.

"Ƙarfe ba ya jin magana. Awo ne kawai. Wanda ya iya lissafi ba ya bukatar boka."

Maganar ta iso rumfarmu kafin la'asar. Sallau ya nemi in ƙara masa shayi.

Bayan sati biyar babur ɗin Mushe ya fara tsartar da mai ta kan injin, yana ɓata masa ƙafar wando. Ranar Lahadi ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, ya buɗe akwati. Sha uku ta ƙi, sha huɗu ta zame. Ya sake ja, ta sake zamewa. Kafin azahar ɗaya daga cikin notocin kan injin ya koma mulmulalle kamar ƙwallon magarya, yatsunsa biyu kuma suna ɗaure da tsumma.

Ya jira ranar da ba kasuwa, don kada a gan shi, ya turo babur. Sallau ya tarye shi da fara'a, ya ba shi kujera, sannan ya ce yau hannunsa na ciwo, sai dai ranar kasuwa.

Ranar kasuwa kuwa rumfa ta cika maƙil, domin Sallau ya bi mahauta da masu goro ɗaya bayan ɗaya ya gayyato su. Ya duba notin ya girgiza kai.

"Mushe, me ka faɗa masa?"

"Malam Sallau, ban faɗa masa komai ba. Na zo gyara ne."

"To shi ya sa. Ka taɓa shi ba gaisuwa, ya yi fushi. Yanzu sai ka durƙusa ka ba shi haƙuri."

"Ni? In ba ƙarfe haƙuri?"

"In ba ka so, ga hanyar Kano can. Kwana huɗu ne a tura."

Mushe ya dubi jama'a, ya dubi babur. Ya tattare wando ya durƙusa. Sallau ya karanta masa abin da zai faɗa, kuma na rantse rabinsa sunayen unguwannin Kano ne. Mushe ya maimaita yana zufa. Daga nan Sallau ya sa zarto ya fitar wa mulmulallen notin sababbin fuskoki, ya cire shi, ya zaro wani daga gwangwaninsa. Sauran ya kwance su da kile ɗaya, ya yanka sabon shimfiɗin kan injin wanda ke hana mai tsartuwa, ya mayar, yana ɗaure notocin a gicciye, kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi. Aikinsa dai ba wasa a ciki, ko maƙiyinsa ya sani.

Mushe bai haƙura ba. Washegari ya shigo rumfata da sabulu a aljihu, wai zai ba ni ɗinki. Ya roƙe ni, in Sallau ya tafi alwala ya bar kilen da ya yi masa aiki da shi a kan buhu, in danna bakin kilen a jikin sabulun. Da yake taubashi ba ya ƙin abin da zai ɓata wa taubashinsa rai, na yi masa.

Ya auna sawun da ma'aunin lakkol, ya samu milimita sha uku da ɗan ɗoriya. Ya ari igiyar awona mai inci a baya, ya cika takarda da lissafi, ya yanke cewa rabin inci ne mafi kusa. Ya ba wani direban Magaria saƙo. Bayan sati uku kile ya iso daga Kano, sabo, an buga rabin inci a jikinsa. Mushe da kansa ya tara mutane a wannan karon, ya tsayar da babur a gaban rumfar Sallau, ya ɗaga kilen sama kowa ya gani.

Ya kifa a kan noti. Ya ƙi shiga. Ya goge notin da hannun riga, ya sake kifawa, ya danna da tafin hannu. Kilen ya zauna a bisa kamar hular da ta yi wa kai kaɗan.

Sallau ya yi dariya har ya kwanta a kan buhu. "Wannan na Amirka aka kawo maka, Mushe! Su ma Ingilishi suke ji, amma ba gidansu ɗaya ba."

Hinda ce ta kawo ƙarshen abin. Matar Mushe ƙawarta ce, kuma ta gaji da jin cewa mutumin ba ya cin tuwo sai lissafi. Ran nan da ta kawo wa mijinta abincin rana, ta tarar da Mushe a rumfata, sai ta kwance bakin zane ta miƙa masa wani ɗan kile.

"Mushe, duba wannan. Na bakwai ne, ya tsage, maigida ya yar. Da shi nake awon barkono. Shi bai goge masa rubutu ba."

A jikinsa an buga kwata, da wani harafi mai kama da haƙoran zarto. Mushe ya auna bakin, ya ga sha uku da ɗoriya. Ya cire tabarau ya goge.

"Kwata? Yaya za a rubuta kwata a kan abin da ya fi rabin inci?"

Sallau ya harari matarsa, ta yi kamar ba ta gani ba. Da ya ga asiri ya riga ya tonu, sai ya zaro ƙusa mai zare daga gwangwani ya ɗaga.

"Su ba kan noti suke aunawa ba, Mushe. Kaurin ƙusar da notin ke hawa suke rubutawa. Kai kana auna hula, su wuya suke nufi. In za ka yi saƙo, ka ce mai wannan harafin, in ba haka ba na Amirka za su sake ba ka."

"Wane irin mutane ne waɗannan?" in ji Mushe.

"Shekara goma sha ɗaya ina tambaya."

Tun daga nan suka zama abokai, irin abokan da ba sa rabuwa kuma ba sa daina faɗa. Mushe ya samu ramuwarsa bayan shekara biyu, lokacin da wani ɗan kasuwa ya kawo jan babur ɗin Japan na farko da ya shigo garin. Sallau ya zagaya, ya yi raɗa, ya gwada kilensa shida ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya zauna. Dole ya aika a roƙo akwatin Mushe. Mushe ya kawo da kansa, ya zauna a kai, ya ce ba zai tashi ba sai Sallau ya ƙirga daga goma zuwa sha bakwai da Faransanci. Sallau ya maƙale a sha huɗu. Mahauta suka yi ta yi masa gyara.

Baburan Ingila suka riƙa raguwa, amma Sallau bai rasa aiki ba, domin tsofaffin injinan niƙa da ake kawowa daga ƙetare notocinsu irin nasa ne. Kakar 1979 aka aiko daga Mallawa cewa injin garin ya tsaya kwana uku. Ya ce in raka shi, na hau bayansa. Muka tarar da mata sun jera ƙorai har bakin hanya. Ya gyara kafin la'asar, injin ya tashi, mata suka yi guɗa. Mai injin ya cika mana buhu da garin gero, Sallau ya ɗora shi a kan tanki, tsakanin hannuwansa.

Na ce masa bakin buhun bai ɗauru ba, ya bari in ɗinke, allura na aljihuna. Ya ce tela ba ya koya wa makanise ɗauri.

Ba mu yi nisa ba muka faɗa rami, igiya ta kwance. Iska ta kwaso gari ta watsa mana, shi a fuska, ni a baki. Bai tsaya ba, wai in ya tsaya a yashi babur ba zai tashi ba. Haka muka shigo Dungas fari fat, har gira, awaki na gudu. Hinda na tsakar gida tana tankaɗe muka yi sallama. Ta dube mu sama da ƙasa, ta dubi abin da ya rage a gindin buhun, wanda bai fi tiya ɗaya ba.

Ta ɗauko faranti ta ajiye a gabanmu. "Ku tsaya a nan ku kakkaɓe," in ji ta. "A hankali, kada ya zube ƙasa."