Gaisuwar Mutuwa a Mungadi da Rigimar Fadama

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, mu uku a ƙaramar mota, za mu Mungadi gaisuwar rasuwar mahaifin wani abokinmu. Tun kafin Tambuwal zafin bazara ya fara taɓa mu. Wanda ke tuƙi yana kauce wa ramuka yana mitar tsadar mai, na kusa da shi kuwa barci yake abinsa, sai an faɗa rami ya farka ya yi salati.

A Aliero warin albasa ne ya fara tarbar mu. Ga buhuna jibge a bakin titi, ga manyan motoci uku tsaye, amma ba mai lodi. 'Yan dako na zaune a inuwa suna kallon direbobi. Na sauka in sayi kwando ɗaya, na tambayi mai albasar abin da ke faruwa. Ya ce motocin na wani attajirin dillali ne. Shi da ɗan majalisar yankin sun fito a rediyo suna goyon bayan a kewaye wata fadama ta wajen Maiyama a ba kamfaninsa, a toshe hanyar da shanu ke bi su sha ruwa. Attajirin har ya ƙara da cewa talaka bai san abin da zai amfane shi ba.

"Shi ya sa munka ce ba mu saida mai," in ji shi.

Na ce, to idan albasar ta ruɓe fa? Ya dubi buhunansa. Sannan ya ce kwana yake yana wannan tunanin. Bai rage mini ko sisi ba, ni ma ban iya neman ragi ba.

A Jega muka tsaya karyawa, masa da soyayyen kifi mai yaji har hawaye. Nan ma zancen ke nan. Mai shayi na cewa kamfani zai kawo wa samari aiki, wani ɗan acaɓa na cewa aikin gadi ne za a ba mutum a gonar ubansa. Mai kifin ba ta sa baki ba, amma da hoton ɗan majalisar na lokacin zaɓe take ƙunshe wa mutane kifi. Ni rabin hularsa na samu.

Hanyar Maiyama ba mu yi hira sosai ba. Gonaki a bushe, garken shanu na tafe a gefen titi, makiyayan na waiwayen kowace mota. A Mungadi muka tarar da abokinmu a kan tabarma tsakanin manoma da Fulani. Muka yi addu'a, aka kawo fura.

Ba mu gama sha ba sai ga jerin motoci. Ɗan majalisar ne da attajirin. Bayan fatiha suka nemi shiga gaida matar mamacin, abokinmu ya yi musu jagora. Danga ce kawai tsakaninmu da cikin gida, saboda haka duk muka ji. Tsohuwar ta amsa gaisuwa a natse, sannan ta ce wa ɗan majalisar:

"Ɗana, ranar zaɓe marigayi da sanda yat tahi ya jefa maka ƙuri'a. Gonatai na cikin fadamar ga. Gaisuwa ta kawo ka, ko gonar kaz zo dubawa?"

Aka ji ɗan majalisar na cewa, "Inna, ba a fahimce ni ba ne."

"To fito ka fahimtar da su, ga su nan waje."

Ya fito yana share gumi. Wani dattijon makiyayi ya tambaye shi inda shanunsu za su sha ruwa. Wani manomi ya tambayi attajirin wanda ya noma albasar da ta gina masa gida. Ba zagi, ba jifa, amma ba wanda ya ce ranka ya daɗe. Attajirin ya shige mota ya rufe gilashi. Ɗan majalisar ya tsaya, ya yi 'yan kame-kame, a ƙarshe ya ce ya janye goyon bayansa har sai an zauna da kowa. Liman ya ce ya maimaita da ƙarfi, samari suka ɗaga wayoyi suka ɗauka.

Bayan la'asar muka kamo hanya, muna gardama ko zai cika alkawari. Har muka shigo Sakkwato ba mu daidaita ba, kuma har yau raina bai kwanta ba. Abin da dai na dawo da shi ke nan: mu 'yan birni a waya muke yi wa manya faɗa, cikinmu a cike. Mutanen can ido da ido suka yi nasu, alhali abincin bakinsu na cikin haɗari.