Ba hanyar Jidda ad da nisa ba

Malam, rubuta yadda nika faɗi, a karanta ma jama'a ran sadakar bakwai.

Ina tsakar gida nan Kebbe, ina soya ƙuli-ƙulin guzurinmu na aikin hajji, sai masu jakai sunka yi sallama. Sunka ce sun iske ƙanena Umaru gindin wata tsamiya, hanyar Tambuwal, bisa buzu nai, jakinai na ɗaure. Ya taso zuwa ɗaukata, ya sauka sallar azahar, bai tashi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni na goye shi. Yana bayana babanmu yat tafi Makka da ƙafa, ta ƙasar Sudan, bai komo ba har yau. Tun sannan in an ce gabas, gabana faɗuwa shikai.

Shekarar mulkin kai Umaru yat tafi Makka cikin jirgin sama. Da yad dawo bai zauna karɓar barka ba, wurina yaz zo. Yac ce, "Yaya, sai na kai ki."

Nic ce, "Hanyar da tac ci Baba?"

Yac ce, "Mu yi asuba Kano, jirgi shi sha mai Hartum, mu yi magariba Jidda. Daga gidana zuwa naki bisa jaki ya fi daɗewa."

Nic ce mashi ƙarya ba ta kamace shi ba, yana alhaji. Tafiyar shekaru, ina aka kai sauran hanyar? Yay yi dariya, bai ji haushi ba. Kullum yaz zo sai na sake tambaya, shi sake lissafa min da salloli, tunda ban san agogo ba. Har bisa rumbu yas sa ni hawa, wai in saba da sama, yana riƙe da tsani jikoki na dariya. Yakan ce, "Nisa ba shi kisa, Yaya, kwana ka ƙarewa."

Ga shi kuwa. 'Yar hanyar ga da muka bi tun muna yara, ita tad ɗauke shi. Farin ƙyallen da yas saya na harami, da shi anka yi mashi sutura.

Ɗa nai Bello ya ce shi zai raka ni, jirgi ba shi jiran makoki. Tsoro nika ji, Malam, ko mota ban taɓa shiga ba. Amma rubuta, za ni. In mun yi magariba Jidda, na san Umaru bai taɓa yi min ƙarya ba.

Allah Shi jiƙan Umaru, Shi haskaka kabarinai, Shi gama shi da Baba. Allah Shi ba iyalinai haƙuri, Shi raya marayunai. Ni kuma ku roƙa min, in jirgin ya tashi, Allah Shi riƙe min hannu.