Kofin Ruwa a Bayan Mai Faci

Mai Faci ba mutum ne mai yawan magana ba, fuskarsa ma ba ta gayyatar hira. Tun yana saurayi yake bakin titi, a wata rumfar kwano, da injin iska da bahon baƙin ruwa da yake tsoma tayar da ta yi faci don ya ga inda take yoyo. Da wannan baho ya aurar da 'ya'yansa duka. Hannuwansa kamar taɓare, tayar babbar mota shi kaɗai yake kayar da ita ya tayar. Bai taɓa tuna yana da baya ba sai da tsufa ya fara leƙo shi.

Shekarar da matarsa ta sami shanyewar ɓarin jiki, aikinsa ya zama biyu. Kafin ya fita sai ya ɗaga ta daga gado, ya kai ta banɗaki, ya gyara ta, ya zaunar da ita a kujera kusa da taga. Da rana wata maƙwabciya ke leƙa ta. Ciwon ya karkata mata baki, amma bai rage mata kaifin harshe ba.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗauke ta, wani abu ya soke shi a ƙugu kamar an caka masa ƙusa. Ya sake ta ta faɗa kan katifa, shi kuma ya durƙushe a ƙasa ya kasa tashi. Haka maƙwabciya ta same su.

Babbar 'yarsu, wadda ke koyarwa a wani gari, ta zo washegari. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Baba, jiya a katifa ta faɗi. Ran da ta faɗi a banɗaki fa? In bayan nan naka bai gyaru ba kafin hutun makaranta, zan zo in tafi da Mama gidana."

Gaskiya ta faɗa. Tsohuwar ta juya fuska bango. A ɗakin nan aka kawo ta tana amarya, a nan ta yi haihuwarta duka, kuma ta san in ta fita ba dawowa za ta yi ba.

Mai Faci ya sayi wani faffaɗan bel ya ɗaure ƙugu, ya shafa man zafi har ɗakin ya gagari shiga, ya sha ƙwayoyi. Ciwon ya kwanta na yini ɗaya, ya dawo da ƙarfinsa. Daga ƙarshe ya je asibiti, aka duba aka ce ƙashi bai taɓu ba, aka tura shi sashen gashin ƙashi. Ya zaci injin zafi za a kafa masa. Sai ga wata siririyar likita, sa'ar autarsa, ta nuna masa tabarmar roba ta ce ya kwanta.

Ta danna cikinsa da yatsu biyu ta ce ya yi tari. Ta girgiza kai.

"Baba, hannu da kafaɗa kana da su. Amma akwai nama can ciki da ya zagaye ƙugu, shi ke riƙe ƙashin baya in za ka ɗaga kaya. Naka ya daɗe yana barci, bel ɗin nan kuma ƙara masa barci yake yi."

Ya ce, "Wato roba mai kauri, ba iska a ciki."

"To ka ga ka fi ni iya bayani."

Ta koya masa ya kwanta rigingine, ya tanƙwara gwiwoyi, ya ɗan janyo ƙasan cibiya ciki a hankali yana numfashi yadda ya saba. Sannan ya ɗaga ƙugu sama ya riƙe, ya sauke. Shi ke nan. Mai Faci ya ga wannan raini ne. Da ya koma gida ya ce ai shi ba mai jego ba ne, ya riƙa kwanciya yana zabura zaune da sauri kamar sabon soja, yana riƙe numfashi har idonsa ya yi ja. Kwana kaɗan ya koma asibiti a karkace, yana dafa bango.

Likitar ba ta yi masa dariya ba, faɗa ta yi masa.

"Baba, wannan ba aikin ƙarfi ba ne. Wa ke gida da zai riƙa kallonka yana gyara maka?"

"Ba kowa. Sai mara lafiya."

"Idonta na gani?"

"Har abin da ba a so ta gani."

Da ciwon ya lafa, ta sa shi ya yi rarrafe, ya miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ta ɗora masa kofin roba da ruwa a ƙugu. In bayan ya karkata, ruwan zai zuba. Ta ce ya gaya wa Mama aikinta ke nan daga yau.

Tun da ta kwanta ciwo ba wanda ya ba tsohuwar aiki, kullum sai dai a yi mata. Ta karɓi wannan da hannunta ɗaya mai lafiya. Da shi take ɗora kofin, ta koma ta jingina tana kallon mijinta, mutum mai furfura, yana rarrafe a tsakiyar ɗaki.

"Malam, ka karkata. Ɗuwawun hagu ya yi sama."

"Ban karkata ba."

"To ruwan da ke bin wandonka gumi ne? Kuma ka yi numfashi, ba gawa na ce ka zama ba."

Makonnin farko kullum sai ya sake wando. Yana jin haushi, tana jin daɗi. Maƙwabciya ta ce tun da aka yi ciwon nan ba ta ji dariyar matar ba sai yanzu. A hankali ruwan ya daina zuba. Ya ajiye bel. A rumfa ya koyi ɗaure ciki kafin ya taɓa taya, ya durƙusa da gwiwa maimakon ya sunkuya. Tayoyin manyan motoci kuwa ya bar wa mai facin da ke gaba da shi, duk da abin ya yi masa ciwo a rai. Bayan nasa bai warke sarai ba, kuma likitar ba ta taɓa ce masa zai warke sarai ba. In ya yi sakaci kwana biyu, yana ji a jikinsa.

Bai iya godiya da baki ba. Ran da aka sallame shi ya tsaya a gaban likitar yana murza hula, sai ya ce tayar motarta ta baya iska ta yi ƙasa, ta biyo ta rumfarsa. Ta biyo. Ya duba tayoyin duka, ya ce Allah ya jiƙan iyayen da suka kai ta makaranta. Ta ce ai suna raye. Ya ce to Allah ya ƙara musu lafiya.

Hutu ya zo, 'yar ta iso da safe da motar haya, ta jera matasai a kujerar baya. Ta sami uwarta a gado ba a ɗaga ta ba tukuna.

"Tsaya nan ki kalla," in ji tsohuwar. "Kada ki sa hannu."

Mai Faci ya matso jikin gado. Ya zaunar da matarsa, ya sauko mata da ƙafafu, ya tanƙwara gwiwoyinsa, ya rungumo ta kusa da ƙirji.

"Cikinka, Malam."

"Na ɗaure."

"Numfashi."

Ya miƙe da ita a hankali, ya juya da ƙafafunsa ba da ƙugu ba, ya zaunar da ita a kujera. Fuskarsa ba ta motsa ba. 'Yar ta daɗe tana duban su. Ta ce ya sake yi, har banɗaki. Ya sake.

"Shi ke nan, Baba. Amma zan sa a kafa ƙarfen dafawa a banɗakin nan, kuma ran da ka ji ciwo ka kira ni, kada in ji a bakin maƙwabta."

"Zan kira."

"Ba zai kira ba," in ji uwar. "Ni zan kira. Je ki sallami mai motar nan, ki shigo min da matasan. Nawa sun mutu."